Ɗan'uwa ba farce ba ne

Assalamu alaikum warahmatullah.

Tun ranar Juma'a nake juya wannan magana a raina. Na rubuta na goge ya fi sau uku, saboda kunyar kaina nake ji. Amma na ga gara in faɗa, wataƙila a cikinku akwai mai irin ciwona, shi ma bai san yana ɗauke da shi ba.

Da hantsin ranar ina zaune a kan tabarma a tsakar gida, na ɗora ƙaramin ɗana a cinya ina yanke masa farce kafin mu tafi masallaci. Shekararsa 6, ya kai lokacin nan da yaro ba ya barin komai ya wuce bai yi tambaya ba. Na gama hannun dama na kama na hagu, sai ya ɗago kai ya ce, "Abba, me ya sa in ka yanke min farce ba na jin zafi, amma rannan da reza ta yanke ni na yi kuka?" Na ce masa ai farce ba shi da rai. Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "To in ba shi da rai, ya aka yi yake girma?" Ina cikin laluben amsar da zan ba shi hankalina ya rabu biyu, abin yankan ya zarce ya kama masa tsoka a ɗan ƙaramin yatsa.

Jinin bai fi ɗigo biyu ba. Amma ihun da ya yi sai da ya tashi gidan gaba ɗaya. Mahaifiyarsa ta baro tukunya a kan wuta ta fito da gudu, yayarsa ta ruga neman auduga, ni kuwa na sa yatsan a bakina ina ta ba shi haƙuri, jikina har rawa yake. Wallahi na ji yankan nan a ƙirjina kamar ni aka yanka.

Muka je masallaci, aka idar da sallah, muka fito wajen takalma. A nan na hango yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya rame, furfura ta cinye masa gemu, yana ɗan jan ƙafar hagu, abin da ban san shi da shi ba. Idonmu ya haɗu. Sai na sunkuya kamar ina neman takalmina, alhali takalmin yana gabana, ban ɗago ba sai da na tabbatar ya wuce. Ɗana yana riƙe da hannuna da yatsansa a naɗe, baffansa ya gifta ta gabansa bai san ko wane ne ba. Na koma gida na ci abinci na ƙoshi, na kwanta na yi barcin rana mai daɗi.

Ban ji komai ba. Ku riƙe wannan kalmar, don a kanta duk maganata take.

Sai da dare ya raba, gida ya yi tsit, tambayar yaron ta dawo min. Na tashi zaune na nemi cikakkiyar amsar da ya kamata in ba shi tun da safe. Abin da masana jikin ɗan Adam suka bayyana shi ne, farce da gashi daga abu ɗaya aka gina su, wani sinadari mai tauri da ake kira keratin. Shi ne a kofaton doki, shi ne a ɓawon ƙahon sa, shi ne a gashin kaza. Can a gindin farce, ƙarƙashin fata inda ido ba ya gani, akwai wani ɗan wuri mai rai da ke ƙera sababbin ƙwayoyin halitta dare da rana. Sababbin suna turo tsofaffin gaba, tsofaffin su cika da keratin su daskare su mutu. Wannan mataccen da aka turo waje shi muke gani muna kira farce, ko akaifa, ko ƙumba, gwargwadon garin da mutum ya tashi. Babu hanyar jini a cikinsa, babu kuma jijiyar da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Shi kuwa zafi saƙo ne, sai da ɗan aike yake isa. Ashe yaron ya fi ni gaskiya da ya ƙi yarda da amsata ta farko: abin da ke girma yana da rai, amma a ɓoye yake, wanda nake yankewa kuma ya riga ya gama aikinsa.

Mata masu ƙunshi sun riga mu ganin wannan da idonsu. In an sa lalle a farce, bayan 'yan makonni sai ka ga jan ya matsa gaba, sabon farce fari tas yana leƙowa daga gindi. A hankali yake tafiya, kamar milimita 3 a wata, har jan ya iso baki a yanke shi. Ɗan jaja-jajan da muke gani a farcen da ba a sa masa komai ba kuwa, ba launinsa ba ne, jinin tsokar da ke ƙarƙashinsa ne muke hangowa ta cikinsa. Wannan tsokar cike take da jijiyoyi. Duk wanda ya taɓa yin tuntuɓe farcen babban yatsa ya ɗaga, ko ƙofa ta datse masa hannu, ko ɗan karkare ya hana shi barci kwana uku, ba sai an yi masa bayani ba.

Gashi ma haka. Kowane sili yana da ɗan raminsa a cikin fata, a can saiwarsa take da rai, jijiya na zagaye da ita. Shi ya sa wanzami zai bi kanka da aska tun daga goshi har ƙeya kana gyangyaɗi, amma a tsige maka sili ɗaya a hanci sai hawaye ya zubo. Shi ya sa yarinya ba ta kuka in an datse mata bakin gashi, amma in mai kitso ta ja da ƙarfi sai ta kwana kai na sara mata. An ƙiyasta gashin kan mutum ya kai wajen 100,000, kuma kullum tsakanin 50 zuwa 100 suna zubewa, ba ma ko sani.

Na tsaya a nan na daɗe, saboda rahamar da ke ciki ta girgiza ni. Jariri ɗan kwana 7 ake miƙa wa wanzami ranar suna, kai laushi kamar tsoka, a aske shi tas, in ya yi kuka ma na sanyin ruwa ne da riƙon da aka yi masa. Alhazai a Mina, mutum bayan mutum, kowa ya zauna an aske ya tashi yana hamdala. An umarce mu kada mu bar farce da gashin baki da na hammata su wuce kwana 40, kuma Wanda ya yi umarnin ya riga ya ɗauke mana zafin cika shi tun kafin a haife mu. Ka tuna masu yankan farcen nan da ke yawo unguwa-unguwa suna kaɗa almakashi, ƙas-ƙas-ƙas, da ɗan soso da ruwan sabulu a kwalba. Ka miƙa musu hannu da ƙafa kana hira da abokinka, su gama ka ba su canji. Da Allah ya ratsa jijiya ɗaya tak a cikin farce, da wannan zaman sai an yi shi a asibiti da allurar kashe zafi. Ni dai ban tuna ranar da na gama yankan farce na ce alhamdu lillahi saboda ban ji ciwo ba. Allah ya yafe mana.

Amma ba wannan ya hana ni barci ba. Abin da ya hana ni barci shi ne hukuncin da ke cikin amsar: abin da aka yanka bai yi zafi ba, matacce ne. Na yanke yayana daga rayuwata shekara 3 ke nan, yau na gan shi ido da ido ban ji zafi ba. To wane ne mataccen? Shi dai na gan shi yana tafiya da ƙafarsa, yana jan ta ma saboda ciwo, alamar jijiyarsa na aiki. Saura ni.

Ba zan shiga labarin abin da ya haɗa mu ba, don ba tonon asiri na zo yi ba. Gona ce ta gado, da maganganun da aka faɗa cikin fushi, da masu kai-kawo da suka ƙara gishiri. Abin da nake so ku sani shi ne yadda zafin ya tafi. A shekarar farko ina jin sa sosai. Sallah ƙarama ta zo, na saba in na sauko daga idi gidansa nake fara zuwa, ranar na wuce ta bakin layinsu ban shiga ba, na isa gida tuwon sallah ya ƙi wucewa a maƙogwarona. In na ji an ambaci sunansa gabana ya faɗi. A shekara ta biyu abin ya ragu. Ya aurar da 'yarsa ta fari, yarinyar da ni na yi mata huɗuba a kunne, katin ya zo min ta WhatsApp ta hannun wata ƙanwarmu, na duba na ajiye wayar. Na ɗan ji wani abu da daddare, da safe ya wuce. A ta uku kuwa shiru. Har na riƙa gaya wa mutane cewa alhamdu lillahi yanzu na samu kwanciyar hankali, na cire shi daga raina. Ina yi wa Allah godiya a kan abin da ya kamata in yi kuka a kansa.

'Yan'uwa, rashin jin zafi iri biyu ne, kuma ni na ruɗe na ɗauki ɗaya a matsayin ɗaya. Akwai na farce, wanda rahama ce. Akwai kuma na mai cutar kuturta. Ina faɗin wannan da girmamawa ga bayin Allah da aka jarraba da ita, cuta ce kamar kowace cuta, tana da magani a yau, ana warkewa, maganin ma kyauta ake bayarwa. Mun tashi muna zaton ita cutar ce ke cinye yatsu. Wani likita ɗan Ingila mai suna Paul Brand, wanda ya yi aiki da masu wannan cuta a garin Vellore na ƙasar Indiya tun daga 1946, yana cikin waɗanda suka nuna wa duniya cewa mafi yawan ɓarnar ba haka take faruwa ba. Ƙwayar cutar jijiya take lalatawa, sai hannu da ƙafa su daina ji. Daga nan mutum zai ɗauki tukunya mai zafi bai sani ba, ya taka ƙaya ya yini yana tafiya a kanta, ƙotar fartanya ta goge masa tafin hannu har ya fashe yana ta noma. Ciwo ya hau kan ciwo, ya ruɓe, ya kai ga ƙashi, yatsa ya riƙa gajarta. Duk wannan yana faruwa ne cikin natsuwa, ba kuka ba ihu. Masu ciwon suga da ya daɗe ma likita kan ce musu su riƙa duba tafin ƙafarsu kullum, su yi hattara wajen yankan farce, saboda ƙafar na iya daina kawo rahoto, ɗan yanka ya zama gyambo mutum bai sani ba.

Kwanciyar hankalin da nake taƙama da ita irin wannan ce. Ina taka ƙaya shekara 3 ina cewa na huta.

Duk mun san ayoyin nan na Suratu Muhammad, ta 22 da ta 23, a kan masu ɓarna a bayan ƙasa da yanke zumuntarsu. Na sha karanta su, na sha ji a tafsirin azumi. Amma sai a daren nan na lura da irin horon da aka ambata bayan la'ana: ya kurmantar da su, ya makantar da ganinsu. Ji aka ɗauke musu. Ni ina jiran in ga ko kasuwata za ta karye, ko wata masifa ta faɗo min, da ban ga komai ba sai na ɗauka lafiya nake. Ashe horon ya riga ya sauka tun ranar da na iya haɗa ido da ɗan mahaifiyata na sunkuya neman takalmi, na je na yi barcin rana.

Kuma na san ba ni kaɗai ba ne. Don Allah kowa ya duba gidansu. 'Yan uba nawa ne suke haɗuwa a jana'iza su tsaya sahu ɗaya, a sallame kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya? Mata nawa ne suka daina taka gidan 'yar'uwarsu saboda "ban je nata ba don ba ta zo nawa ba," ko don gudunmawar biki ba ta kai wadda aka kai mata ba? An yi auren zumunci, Allah bai yi zaman zai ɗore ba, yara biyu sun rabu, sai wa da ƙanwa su ma su rabu har abada, alhali su ba igiyar aure ce ta haɗa su ba. Wani bashin da bai kai kuɗin taya ɗaya ta motarsa ba ne ya raba shi da ɗan baffansa. Wani zaɓe ne, 'yan takarar sun daɗe da shiryawa suna cin abinci a faranti ɗaya, su kuwa har yau ba sa ga maciji. Wani saɓanin fahimtar addini ne, wai don kishin Sunna ko don kishin Shehu ya daina gaida kawunsa, kamar akwai malamin da ya karantar da shi haka. Wani kuma ba faɗa ba komai, Allah ne ya buɗa masa ya koma Abuja, ya canza lamba, goggonsa da ta yi masa wanka yana jariri tana ƙauye tana tambayar duk wanda ya zo daga birni ko ya gan shi.

Sannan ku saurari kalmomin da muke rufe abin da su. "Ni ba gaba nake da shi ba, harkarsa kawai na fita." "Kowa tasa ta fisshe shi." "Na yafe masa, amma kar ya ƙara nuna ya san ni." Har da masu cewa in sun mutu kada wane ya zo kan gawarsu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yanzu kuma waya ta sauƙaƙa abin fiye da da. A zamanin iyayenmu in za ka yi gaba da ɗan'uwa sai ka sha wahala, don rijiya ɗaya kuke ɗiba, zaure ɗaya kuke wucewa, dole wata rana wani dattijo ya zaunar da ku. Yau da babban yatsa ake yi. Ka danna sau ɗaya ka toshe lambarsa, ka fice daga zauren dangi na WhatsApp, shi ke nan, ƙas, kamar an datse farce. Ga kuma masu rubuce-rubuce a Facebook suna koya wa yaranmu cewa duk wanda ya takura maka ka yanke shi ka huta, ko wane ne. Ana ta yaba musu ana turawa gaba. Ba wanda ke tsayawa ya tambaya, wannan da za a yanke, farce ne ko yatsa?

Kai mai karatu, kar ka ce da wane ake. Da kai nake. Akwai sunan da ya faɗo maka a rai tun sakin layin da ya wuce, ka yi sauri ka kawar da shi. Shi nake nufi.

Na san abin da wani zai ce, domin ni ma na faɗe shi shekara 3: ba ka san abin da ya yi min ba. Gaskiya ne, ban sani ba. Akwai dangin da suke cutarwa cuta ta gaske, masu cinye gadon marayu, masu ƙazafi, masu shiga tsakanin mace da mijinta. Ban ce ka bar haƙƙinka ba, akwai manya, akwai alƙali. Ban ce ka miƙa wuyanka a sake yanka ba, kana iya rage shiga, kana iya kama bakinka, kana iya daina haɗa kuɗi da shi. Amma sallama fa? Gaisuwar rashin lafiya fa? Ta'aziyya fa? Yaran da ba su san hawa ba ba su san sauka ba fa? Sayyidina Abubakar, Allah ya ƙara masa yarda, ɗan'uwansa Misɗahu da yake ciyarwa ya sa baki a ƙazafin da aka yi wa 'yarsa Nana A'isha. Ya rantse ba zai ƙara ba shi komai ba. Aya ta sauka tana tambaya ko ba kwa son Allah ya gafarta muku, ya ce wallahi ina so, ya mayar masa da abin da ya saba ba shi. Ni me aka yi min da ya kai wannan? Kadada nawa ce gonar?

Hausawa suka ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ko a asibiti, in ta kama dole a yanke wa mutum ƙafa, sai an gwada duk wata dabara ta ƙare, sai an kira dangi an yi shawara, ana yi ana hawaye. Wani abin al'ajabi kuma, da yawa daga waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa suna ci gaba da jin gaɓar kamar tana nan, har su ji tana yi musu zafi ko ƙaiƙayi, wata da watanni, wasu shekaru, saboda ƙwaƙwalwa ba ta shafe gurbinta ba. Jiki ya ƙi mantawa da abin da yake nasa ko bayan an binne shi. Ni kuwa nawa yana raye, unguwa biyu ce tsakaninmu, na manta da shi.

Ga wani bambancin da ya fi tsorata ni. Farce in ya fita gaba ɗaya yana dawowa, na hannu cikin kamar wata 6, na ƙafa shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Gashi in an aske, kafin wata ya zagayo ya tofo kusan santimita 1. Shi ya sa ba ma makokinsu, mun san akwai wani a hanya. Yatsa in ya tafi ya tafi. Mahaifinmu ya rasu, mahaifiyarmu ta rasu, Allah ya jiƙansu. Saiwar da ta fito da ni da Yaya tana ƙarƙashin ƙasa, ba za ta ƙara tofo min wani wa ba. In aka kira ni gobe aka ce ya cika, a kan wannan halin, wace gona ce za ta tsaya min? Zan je in tsaya a sahun gaba ina karɓar gaisuwa, mutane suna cewa ya haƙuri, ni da su duk mun san rabona da yi masa sallama shekara 3?

Da na kai nan a tunani sai abubuwa suka riƙa dawo min ɗaya bayan ɗaya, kamar ƙafar da ta yi sanyi jini ya fara komawa cikinta. Shi ne yake ɗora ni a bayan kekensa ya kai ni makarantar firamare, in muka zo gangaren nan mai yashi sai ya sauka ya tura, ni ina zaune. Ranar da aka yi min kaciya shi ya kwana yana yi min fifita. Da zan yi aure, kuɗin da ya tara zai gyara rufin ɗakinsa ya ƙirgo ya damƙa min a zaure, ya ce kar in gaya wa kowa, damina ta zo ta same shi da kwano yana yoyo. Har ma na tuna, kuma wannan ne ya karya ni, ina ƙarami shi yake yanke min farce da reza ranar Juma'a, yana riƙe da yatsana a hankali yana cewa kar ka motsa. Bai taɓa yanka ni ba ko sau ɗaya.

Na yi kuka a daren nan irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifiyarmu. Kuma wallahi na yi farin ciki da kukan, don ya nuna min da sauran jijiya a wurin, ba ta gama mutuwa ba.

Saboda haka ke 'yar'uwa da har yanzu in an ambaci sunan yayarki sai ranki ya sosu, kar ki roƙi Allah ya cire miki wannan sosuwar. Ita ce shaidar da sauran rai. Ki bi ta tun tana nan. Wanda nake ji wa tsoro shi ne wanda ya karanta duk wannan bai ji ko ɗar ba, yana cewa shi ai ya wuce wurin. Ɗan'uwa, in kai ne, ka tashi tsakar dare ka roƙi Allah ya dawo maka da zafin. Kowace Litinin da Alhamis ana bijiro da ayyuka, a gafarta wa bayi, a ce waɗannan biyun a dakata musu har sai sun shirya. Na zauna na ƙirga, a shekara 3 an yi wannan bijirowar sama da sau 300. Ina ta azumin nafila a wasu daga cikin ranakun, ina jin kaina mutumin kirki.

Iyaye mata, don girman Allah ku daina shayar da yara gabar da ba tasu ba. Yaro ya tashi bai san ɗakin kishiyar uwarsa ba sai a matsayin gidan maƙiya, ya girma ya gaji faɗan da aka fara tun ba a haife shi ba. Mu maza kuma mu daina fakewa da "ai ni ne babba" ko "ai shi ya fara." Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wanda za ka durƙusa wa jininka ne. Masu kai magana tsakanin 'yan'uwa, ku ji tsoron Allah, ku ne kuke riƙe da almakashin.

Jiya Asabar na cire lambar Yaya daga inda na toshe ta. Na daɗe ina kallonta kafin in danna. Ta yi ta ƙara har ta katse, bai ɗauka ba. Na sake kira bayan isha'i, nan ma shiru. Ban ga laifinsa ba, wataƙila ya goge lambata, wataƙila kuma ya gane ta sarai. Zumunci dai a ƙafa yake. Gobe in Allah ya kai mu, in na fito sallar asuba ba gida zan dawo ba, zan kama hannun yaron nan mu tafi tare, in tsaya a ƙofar gidan in yi sallama. Na riga na gaya masa za mu je gaida baffansa, ya ce, "Abba, dama ina da baffa?" Ban iya ba shi amsa ba.

Ban san me zan tarar ba. Zai iya fitowa, zai iya aiko yaro ya ce ba ya nan. In ya ce ba ya nan zan koma jibi.

Ku taya ni da addu'a Allah ya sassauta zuciyarsa, ya yafe min abin da na yi masa da wanda na yi wa iyayenmu a kabarinsu. Ku kuma don Allah, don son Annabi sallallahu alaihi wa sallam, wannan sunan da ya faɗo muku ɗazu, kar ku kwanta yau ba ku neme shi ba. Ku kira. In bai ɗauka ba ku sake kira. In kun san gidan, ku sa takalmi.